Fuska baƙi ƙirin, sama fari fat: Yadda ake fara ɗaukar hoton HDR a ranar Ƙonni

Duk ɗan ci-ranin jihar Tawa da ya taɓa karɓar hoton gida ta WhatsApp, yana Abidjan ko Legas ko Sabha, ya san wannan ɓacin rai. An tara iyali ƙarƙashin rumfa ranar suna, an ɗauka, an turo masa. Yana buɗewa sai ya ga katangar gidan ta fito tas, babbar rigar Baba ta yi fari sol har aikin wuyanta ya ɓace, amma fuskokin da ya ƙagu ya gani sun zama inuwa. Sai ya matsa hoton da yatsu biyu yana neman idon jaririn, bai samu komai ba sai baƙi.

Akan ɗora laifin a kan waya, a ce ƙarama ce, ko a kan yaron da ya ɗauka. Sau da yawa dukansu biyu ba su da laifi. Matsalar tana cikin hasken yankin ne. Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela suna inda rana ke dukan ƙasa da ƙarfi kusan duk shekara, mutane kuwa suna gudanar da rayuwarsu ne a inuwa: cikin zaure, ƙarƙashin rumfar kasuwa, gindin dogonyaro. Duk hoton da aka ɗauka a nan, rabinsa na cikin rana mai kashe ido, rabinsa na cikin duhu, kuma yawanci abin da ake so ɗin shi ne ke cikin duhun.

Maganin wannan matsala yana cikin aljihun mafi yawan matasa ba su sani ba. Haruffa uku ne da ke saman allon kyamarar waya, HDR, waɗanda wasu ke kunnawa su kashe ba tare da sun ga bambanci ba. Ma'anarsu a taƙaice ita ce hoto mai faɗin zangon haske, wato wanda ya riƙe abin da ke cikin tsananin haske da abin da ke cikin tsananin duhu a lokaci guda.

Tiya ɗaya, haske iri biyu

Idon ɗan Adam yana yaudarar mai shi. Mutum zai tsaya a ƙofar zaure ya dubi tsohon da ke zaune ciki, ya juya ya dubi titi, ya ga komai daidai. Bai lura da cewa ƙwayar idonsa ta buɗe ta tsuke tsakanin duban biyu ba, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗinke masa su wuri guda. Kyamara ba ta da wannan gata. Sau ɗaya take buɗe ido, abin da ta kama ke nan.

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, mai ɗauke da miliyoyin ƙananan ramuka masu tara haske. A ɗauki kowane rami kamar tiyar awon gero. Idan ta cika, duk abin da aka ƙara zuba yake yi, kuma babu wanda zai iya cewa tiya biyu aka zuba ko goma. Wannan shi ne farin da ya ƙone a hoto: rigar shadda da bangon da aka shafa wa farar ƙasa da sararin sama duk sun zama abu ɗaya, kuma babu manhajar da za ta dawo da su. A ɗaya gefen, ramin da ya samu ƙwayoyi kaɗan, gero da tsakuwa sun gauraye masa. Idan aka yi ƙoƙarin haskaka wannan wuri daga baya, sai ɗigo-ɗigo masu launin kore da ja su bazu a fuskar mutum.

Masu hoto suna auna haske da mataki, abin da ake gani a waya da haruffan EV. Kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Mataki 10 ke nan ya haura ninki dubu kaɗan. Hasken rana tsaka a fili yana kaiwa kimanin lukus 100,000 a ma'aunin masana, ɗakin ƙasa kuwa da ƙofa ce kawai ke ba shi haske yakan sauka ƙasa da lukus 100. Tun kafin a yi maganar launin kaya, tazarar ta kai mataki 10. Sai a ƙara da cewa farin yadi yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, baƙar fata kuwa kaɗan take mayarwa. Farar riga a rana da baƙar fuska a inuwa, su ne iyaka biyu mafi nisa da za a iya ɗora wa kyamara, kuma su ne hoton Sallah na kowane gida. Manyan kyamarori na zamani suna riƙe mataki 13 zuwa 14 a ɗauka ɗaya idan komai ya yi daidai. Ƙaramin sensan waya bai kai nan ba.

Akwai kuma lokutan da abin ya fi muni. Ƙonni tana kusa da digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan tsaya cak a tsakiyar kai wajen ƙarshen Afrilu, ta sake yin haka wajen tsakiyar Agusta. A irin waɗannan makonni, inuwar malfa ko rawani ko ma ƙashin gira kawai ta isa ta rufe idon mutum ko da yana tsaye a fili.

Dabarar HDR mai sauƙin faɗa ce. Tunda ɗauka ɗaya ba za ta wadatar ba, sai a yi da yawa. Ɗaya mai duhu domin a tsirar da sama da farar riga, ɗaya matsakaiciya, ɗaya mai haske domin a fito da abin da ke inuwa. Daga nan manhaja ta tsinci mai kyau daga kowace ta haɗa.

Ta girmi wayar salula da shekara sama da ɗari

Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe mai hoto, Gustave Le Gray, ya gamu da wannan matsala a bakin teku. Idan ruwa ya fito, gajimare ya ɓace. Sai ya riƙa ɗaukar ruwa daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya wajen wanki. A 1997, Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da hanyar lissafi ta haɗa hotuna masu haske daban-daban a kwamfuta. Misalinsu da ya yi suna shi ne cikin wata majami'a a Stanford, gini mai duhu da tagogi masu walƙiya, wato dai matsalar zaure ce a wata ƙasa.

Abin ya shigo hannun jama'a a 2010, lokacin da Apple ya saka HDR a iPhone 4. A 2013 Google ya fito da nasa salon, HDR+, a wayar Nexus 5, kuma shi ne ya sauya tafiyar. Maimakon hoto mai duhu da mai haske, wayar takan ɗauki jerin hotuna gajeru cikin ƙiftawar ido, dukansu da ɗan duhu don kada fari ya ƙone, sannan ta jera su a kan juna. Ɗigon da ke ɓata inuwa ba ya faɗawa wuri ɗaya sau biyu, saboda haka idan aka haɗa hoto huɗu yakan ragu da kusan rabi, inuwar ta yi tsabtar da za a iya haskaka ta. Yawancin wayoyin yau, har da Tecno da Infinix da Samsung da suka cika shagunan Ƙonni, suna bin wani nau'i na waɗannan hanyoyi biyu, ko gaurayensu.

A fara da wayar da ke hannu

Mataki na farko ba ya cikin manhaja. A goge gilashin kyamara. Wayar da ta wuni a aljihun ɗan kabu-kabu tsakanin Ƙonni da bakin iyaka, ko ta kwana a Malbaza inda ƙurar siminti ke sauka a kan komai, gilashinta na ɗauke da ƙura da maiƙon yatsa. Wannan datti yana watsa hasken rana a kan hoton gaba ɗaya, ya zama kamar an ɗauka ta cikin hayaƙi, kuma HDR ba ya gyara shi, ƙara fito da shi ma yake yi. A fara hure ƙurar kafin a goge da tattausan yadi, don yashi yana kankare gilashi.

Sai a duba ko HDR ɗin yana kan zaɓin da waya ke yanke wa kanta hukunci. Ga mai koyo, gara ya kunna shi da hannu, ya ɗauki wuri ɗaya sau biyu, da shi da kuma babu shi, ya kwatanta. Wurin gwaji mafi kyau shi ne ƙofar zaure da hantsi: a tsaya daga ciki, a sa wani ya zauna kusa da bango, a bar ƙofar da titi su shigo cikin hoton. Wanda ya yi wannan gwaji sau uku zai fahimci abin fiye da wanda ya karanta dogon bayani. Idan alamar ta ƙi fitowa, a duba ko filasha na kunne, ko an zaɓi ɗauka mai yawan megafiksel, domin a wayoyi da yawa waɗannan biyu ba sa tafiya tare da HDR.

Abu na gaba shi ne wanda aka fi mantawa: a taɓa fuskar mutumin a allo kafin a ɗauka. Wannan taɓawa ce ke gaya wa waya inda ake so ta mayar da hankali. Wata 'yar alamar rana takan fito gefe. Idan farar riga ko sama sun yi ƙyalli da yawa, a ja ta ƙasa kaɗan, kamar rabin mataki zuwa mataki ɗaya. Dalili shi ne inuwa tana da magani daga baya, ƙonannen fari kuwa ya tafi ke nan.

Sannan a tsaya cik. Wayar hotuna da yawa take ɗauka, ko da ƙara ɗaya aka ji. A manne gwiwar hannu a jiki, ko a jingina da bango, ko a ɗora wayar a kan buhu, a kuma ƙara daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan an danna kafin a sauke hannu. Waɗanda ake ɗauka su ma a ce su dakata. A wayoyi masu sauƙin kuɗi haɗawar takan ɗauki ɗan lokaci, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, wayar da ta yi zafi tana ƙara nawa, hotonta kuma yana ƙara ɗigo. A bar ta ta huce a inuwa kafin a tara mutane.

Wanda wayarsa ba ta da HDR mai kyau, ko yake son ya riƙe linzamin da kansa, akwai manhajar Open Camera ta Android, kyauta ce, tana da HDR kuma tana iya ajiye hotunan uku daban-daban don a haɗa daga baya. A yi hattara da abin da wasu manhajojin gyaran hoto, irin su Snapseed, ke kira HDR. Wannan kwalliya ce da ake shafa wa hoto ɗaya da aka riga aka ɗauka. Tana iya fito da abin da ke ɓoye a inuwa, amma ba ta ƙirƙiro abin da sensa bai kama ba.

Akwai kuma maganin da ya fi duk waɗannan araha, wanda tsofaffin masu hoton studiyo suka sani tun zamanin fim: a matsar da mutumin. Taku biyu daga ƙuryar rumfa zuwa bakin inuwa, fuska na kallon fili, yana rage tazarar haske da matakai da dama. Farin zane da yaro zai riƙe a rana ya karkato da haskensa zuwa fuska yana yin aikin fitilar dubban jikkuna. Idan aka haɗa wannan da HDR, aikin da ya rage wa manhaja kaɗan ne, kuma hoton da manhaja ta yi wa aiki kaɗan shi ya fi kama da gaskiya.

Ga mai babbar kyamara

Masu ɗaukar biki da suna da suka mallaki Canon ko Nikon, ko da ta hannu ce daga kasuwar Sakkwato ko Kano, suna da damar yin abin da ya fi na waya, in dai abin da za a ɗauka ba ya motsi. Yankin kuwa cike yake da irin waɗannan: manyan rumbunan ƙasa na Adar da ke jere a ƙauyukan hanyar Tawa, zaurukan sarauta irin na Sarkin Adar a Illela, cikin masallatai, duwatsun da ke kewaye da kwarin Badagishiri, ruwan madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin noman rani na Ƙonni idan rana ta yi gora. (Illelar da ake nufi a nan ita ce ta jihar Tawa, ba takwararta ta jihar Sakkwato da ke tsallaken iyaka daga Ƙonni ba, har masu aika saƙo sukan rikita su.)

A kafa kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku. Idan babu, buhun gero ko na yashi a kan katanga ya wadatar. A saka ISO a 100, a tsayar da faɗin ƙofar gilashi a f/8, a daidaita gani da hannu, a kuma tsayar da ma'aunin launi wuri ɗaya. Abu ɗaya tak ake sauyawa tsakanin hoto da hoto, shi ne tsawon lokacin da kyamara ke buɗe. Idan aka taɓa faɗin ƙofa, abin da ya fito sarai a wannan hoto zai dushe a wancan, haɗin ya lalace.

A ce kyamara ta nuna 1/125 na daƙiƙa a matsayin daidai. Sai a ɗauki ɗaya a haka, ɗaya a 1/500, wato mataki biyu ƙasa, ɗaya a 1/30, mataki biyu sama. Yawancin kyamarori suna yin wannan da kansu idan aka kunna AEB a cikin saiti. A yi amfani da agogon daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza ta. Kafin a tashi a duba abu biyu: a hoton da ya fi duhu, shin akwai sauran wurin da ya ƙone? A wanda ya fi haske, shin ana ganin azarar rufi da zanen bango sarai? Idan amsar ba ta gamsar ba, a ƙara hoto a wannan gefen. Rumbu da yamma uku sun ishe shi. Cikin zaure mai kallon rana yakan nemi biyar, wani lokaci bakwai.

Haɗawa aikin kwamfuta ne. Lightroom yana yi tun 2015, Photomatix ya daɗe a fagen, Luminance HDR kuma kyauta ne ga wanda ba ya son biyan kuɗin wata-wata. A nan ne mafi yawan masu koyo ke zamewa. Hoton da aka haɗa yana ɗauke da zangon hasken da ya fi ƙarfin allon waya, balle takardar hoto da tazarar farinta da baƙinta ba ta wuce kimanin ninki ɗari ba. Dole a matse shi, kuma manhaja tana ba da madannan matsewar. Idan aka ja su har ƙarshe, sai wani farin zobe ya kewaye kan rumbu da reshen itace, gajimare ya yi baƙi kamar hayaƙin taya, jar ƙasar Adar ta koma ruwan lemo. An yi yayin irin wannan hoto a intanet shekarun baya, har sunan HDR ya ɓaci a wurin ƙwararru. Ma'auni mai sauƙi shi ne inuwa ta ci gaba da zama inuwa. Cikin zaure ya fi waje duhu a ido, dole ya fi shi duhu a hoto.

Inda ya kamata a kashe shi

Motsi ne babban abokin gabarsa. Doki a hawan Sallah, 'yan kokawa a fage, babur a kan babbar hanya ta ɗaya da ta ratsa Ƙonni, yara masu guje-guje: abin da ya matsa tsakanin ɗauka ta farko da ta uku yakan fito da hannu biyu a gefe ɗaya ko kai mai inuwa, abin da masu sana'ar ke kira fatalwa. Sababbin wayoyi sun rage wannan sosai, amma mai babbar kyamara gara ya ɗauki hoto ɗaya a tsarin RAW, ya kare fari, ya haskaka inuwa daga baya.

Lokacin hunturu ma, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya rufe sama, ƙurar ta riga ta tausasa hasken. Tazarar ta ragu da kanta, HDR kuma sai ya ƙara lallasa ta, hoton ya fito fayau ba armashi. Haka nan wanda ke son siffar raƙumi ko hasumiyar masallaci baƙi ƙirin a gaban jar rana, duhun shi ne kyan hoton, bai kamata a bar waya ta cike shi ba.

Wata kashewar kuma ba ta da alaƙa da haske. Gari ne na iyaka. Shingen jandarmomi, ofishin duwan, barikin soja, ba wuraren gwajin kyamara ba ne komai kyan faɗuwar rana a bayansu, kuma mutumin da ya kafa maɗori mai ƙafa uku yana ɗaukar wuri ɗaya sau biyar ya fi kowa jawo tambaya. Ko masana'antar siminti ta Malbaza, da dogayen gine-ginenta ke jan idon mai hoto daga kan hanya, neman izini kafin a ɗauka ya fi.

Launin fata, launin albasa

Tambayar da ta fi wuya ita ce: a haskaka fuska har zuwa ina? Shekaru da dama kamfanonin fim na Turai da Amurka suna gwada launi da hoton farar mace, kuma manhajojin farko na waya sun gaji wannan son kai. Idan suka ga baƙar fuska sai su ɗauka kuskuren haske ne, su yi ta ɗaga ta har ta koma toka-toka. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka da dalilai da suka haɗa da daidaita kyamararsa da baƙar fata, Google ma ya fito da nasa gyaran mai suna Real Tone a 2021. Duk da haka, idan HDR ya haɗu da madannin ƙawata fuska da ke kunne a wayoyi da yawa tun daga shago, amarya takan fito da hasken da danginta ba su san ta da shi ba. Wasu hakan suke so, kuma mai hoton biki yana bin ra'ayin wanda ya biya shi. Amma ɗan da ya shekara biyar a Libiya bai ga mahaifiyarsa ba, fuskar da ya sani yake nema, da tsagarta da duhunta. A kashe ƙawatawar, a ɗaga inuwa har sai an ga ido da murmushi, a tsaya nan.

Wannan magana ta wuce zumunci, ta shiga ciniki. Albasar Galmi, da ake nomawa a gundumar Malbaza da kewaye, tana tafiya har Abidjan da Accra da Kwatano, kuma yanzu kafin mota ta tashi daga Galmi ko Tsarnawa hoto ya riga ta isa. Albasar kuwa tana cikin rudu ko ƙarƙashin rumfa, wato cikin duhu, ƙofa na zubo rana. A nan HDR yana da amfani na gaske, domin yana nuna wa mai saye bushewar ɓawo da girman ƙwaya har cikin tulin. Amma yana kuma ƙara wa launi kauri, ya sa jan albasar ya fi yadda yake, ya ɓoye tabon da ruɓa ta fara. Dillalin da ya tura irin wannan hoto zai sayar sau ɗaya, sai buhu ya isa a buɗe. Haka abin yake ga ragon layya da ɗan ci-rani ke zaɓa daga nesa, da ginin da yake turo kuɗinsa kashi-kashi yana jiran shaida. Ga hoton ciniki, a ɗebo samfur a kai bakin inuwa, a ajiye farar takarda a gefe don mai gani ya auna launi da ita, kada a taɓa madannin launi ko kaɗan.

'Yan jarida ma suna da tasu muhawarar. A Janairun 2012 jaridar Washington Post ta buga hoton HDR na wata gada a shafinta na farko, ta kuma rubuta a ƙasa cewa haɗi ne na hotuna da yawa, amma duk da haka aka yi ta ce-ce-ku-ce kan ko hoton labari ne. Gasar World Press Photo ba ta karɓar hoton da aka haɗa daga ɗauka da yawa a rukunan hotunan labarai. Hujjarsu ita ce hoton labari shaida ce ta lokaci guda. Wayoyin yau sun dagula wannan ƙa'ida, tunda kusan kowane hoto da suke fitarwa haɗi ne, ko mai shi ya sani ko bai sani ba. Matashin da ke tura wa kafar labarai hoton ambaliya a kwarin Majiya ko gobara a kasuwa, abin da ya fi masa shi ne ya tura ainihin abin da waya ta ajiye, ba tare da ya bi ta wata manhajar kwalliya ba, ya kuma faɗi wuri da lokaci.

Kafin a danna turawa

Ana iya yin duk wannan wahala hoton ya lalace a hanya. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma wuraren da matsewar ta fi ɓatawa su ne sararin sama da inuwa, daidai inda aka sha wuyar gyarawa. Sama mai laushi takan koma layi-layi. Tun 2023 akwai zaɓin HD a saman allon turawa, wanda ke rage ɓarnar. Hoton da za a wanke a rataye kuwa, a tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu, zai isa yadda yake, sai dai ya fi cin data, don haka a zaɓi biyu ko uku masu kyau maimakon talatin.

Akwai ruɗani ɗaya da zai ƙaru nan gaba. Sababbin wayoyi masu tsada suna amfani da haruffan HDR da wata ma'ana ta biyu, wato allon da ke iya walƙiya fiye da na da. Tun daga Android 14 akwai tsarin Ultra HDR, inda hoto ke ɗauke da wani ɓoyayyen bayani da ke gaya wa irin wannan allo inda zai ƙara haske. Ɗan'uwa a Faransa zai iya turo hoton da a wayarsa fitilu ke ƙyalli kamar na gaske, ya iso wayar ƙaninsa a Dogerawa ya zama hoto kamar kowane. Babu abin da ya lalace, allon ne bai iya nuna ƙarin ba, wani lokaci kuma manhajar turawa ce ta zubar da shi. Takarda ma ba ta nuna shi. Wanda zai kai hoto studiyo a wanke, ya rage hasken allonsa zuwa rabi ya sake duba fuskokin, domin takarda kullum takan fito da ɗan duhu fiye da abin da waya ta nuna, sannan ya nemi a fara buga ƙarami ɗaya kafin a buga babban da za a saka a firam.